Yadda Ake Ba Tsirran Tankin Kifi Taki Ba Tare da Gansakuka Ta Mamaye Su Ba

Tsiron da ke kogi ruwa na wuce shi dare da rana yana kawo masa sabon abinci. Wanda ke cikin tankin gilashi ba shi da wannan gatan. Abin da mai tanki ya zuba da abin da kifi ya kasayar, shi ne iyakar rabonsa. In abu ɗaya ya ƙare a cikin ruwan, girma ya tsaya ke nan ko da sauran sun yi yawa. Justus von Liebig, masanin sinadarai na Jamus, shi ya yayata wannan ƙa'ida a ƙarni na 19: tsiro ba ya wuce gejin da sinadarin da ya fi ƙaranci ya yanka masa. Kamar bokiti ne mai huda a wurare da yawa, duk ruwan da ka zuba ba zai wuce hudar da ta fi ƙasa ba. Aikin mai ba da taki shi ne gano wannan hudar ya toshe ta, ba ya yi ta ƙara ruwa ba.

Fara da haske

Haske ne ke yanke yawan abincin da tsiro zai nema. Fitila mai ƙarfi tana sa shi saurin girma, saurin girma kuma yana sa shi neman iskar kabon dayoksaid, wato CO2, da taki mai yawa. In ka ba shi haske ka hana shi sauran biyun, sai ya raunana, gansakuka kuwa ta samu abin da take so. Yawancin tankunan da ake cewa taki ne ya lalata su, haske ne ya yi musu yawa.

Ga ma'auni mai sauƙi. Duba yawan lumen, wato ma'aunin ƙarfin haske, da aka rubuta a jikin fitilar, ka raba shi da yawan litar tankin. Lumen 10 zuwa 20 a kowace lita haske ne mai rauni, ya ishi Anubias, Cryptocoryne, Microsorum da makamantansu. Daga 20 zuwa 40 matsakaici ne. Abin da ya haura 40 haske ne mai ƙarfi, kuma bai kamata a kunna shi a tankin da ba a saka wa CO2 ba. Awa 6 a rana ta isa ga sabon tanki, daga baya a kai 8. A haɗa fitilar da agogon da ke kunnawa da kashewa da kansa, domin tsiro yana sabawa da lokaci. Hasken rana da ke faɗowa kai tsaye ta taga yana rushe duk wannan lissafi, don haka a kauce masa.

Daga nan tankinka ya shiga ɗaya daga cikin gida biyu: mai rangwamen haske marar CO2, ko mai ƙarfin haske da CO2. Bambancin takin da suke ci yakan kai ninki uku zuwa biyar.

San yawan ruwanka da abin da ke cikinsa

Auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1000. Tanki mai 90 da 35 da 40 yana ba da lita 126 a takarda. Amma tsakuwa da duwatsu da itace sun ci wuri, kuma ba a cika shi har baki, saboda haka cire kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Ruwan gaskiya ya dawo kusan lita 100. Duk lissafin da ke ƙasa a kan lita 100 yake. Mai lita 50 ya raba biyu, mai lita 200 ya ninka.

Sai ka gwada ruwan da kake cika tankin da shi tun bai shiga ba. Abubuwa biyar ake dubawa: pH, wato ma'aunin tsamin ruwa; KH, yawan baikabonet da ke hana pH sauka; GH, yawan kalsiyam da magnisiyam da ke narke a ruwa; sai naitiret da fosfet, waɗanda abincin tsiro ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa miligiram 50 a lita a matsayin iyakar naitiret a ruwan sha, wanda ke nufin ruwan famfo mai kyau ga ɗan Adam yana iya zuwa da 20 ko 30, kuma wannan kaɗai ya ishi tsirranka. Mai irin wannan ruwa da ya ƙara takin naitirojin, ɓarna ya yi. Ruwan sama kuwa, da wanda aka tace da na'urar RO mai cire gishirin ruwa, kusan babu komai a cikinsu, har da kalsiyam da magnisiyam.

Kayan gwajin da ake ɗiga ruwan magani sun fi na tsinken takarda, amma su ma suna kuskure, musamman na naitiret, wanda in ba a girgiza kwalbarsa sosai ba yakan nuna ƙasa da abin da ke akwai. Akwai hanyar gwada shi kansa gwajin. Narka giram 1.63 na garin fotasiyam naitiret, wato KNO3, a lita 1 ta tataccen ruwa marar gishiri, wannan ya ba ka miligiram 1000 a lita. Ɗebi mililita 10 daga ciki ka cika da tataccen ruwa har ya kai lita 1, ya zama miligiram 10 a lita. Gwada wannan. Launin da ya fito shi ne launin 10 na gaskiya, komai katin launi ya ce. Gwajin sinadarin ƙarfe kuwa kada ka dogara da shi, ƙarfe yana ɓacewa daga ruwa cikin sa'o'i, kuma sifili a gwaji ba ya nufin tsiro bai ci ba.

Abin da tsiro ke ci

Manyan sinadarai uku ne: naitirojin, fosforas da fotasiyam. A ruwa ana auna na farko a matsayin naitiret, NO3, na biyu a matsayin fosfet, PO4. Biye da su akwai kalsiyam, magnisiyam da salfa. Sai ƙananan sinadarai da ake buƙata ɗan kaɗan amma ba a yi sai da su: ƙarfe, manganis, boron, tutiya, jan ƙarfe da molibdinam.

Gejin da ya dace a tanki mai CO2, da miligiram a lita, wanda a jikin kwalabe ake rubutawa mg/l ko ppm:

- naitiret 10 zuwa 25
- fosfet 0.5 zuwa 2
- fotasiyam 10 zuwa 25
- magnisiyam 5 zuwa 10
- kalsiyam 20 zuwa 40
- ƙarfe 0.05 zuwa 0.2 a kowace zubawa

A tankin da ba CO2, ƙasan waɗannan alƙaluma ya wadatar. Ba sai an dace da lamba ɗaya cif ba. Akwai masu ɓata lokaci wajen neman wani rabo na musamman tsakanin naitiret da fosfet, alhali abin da tsiro ya damu da shi shi ne kada ɗaya ya ƙare.

Kifi ma yana ba da gudummawa. Abincinsa da kashinsa suna da naitirojin da fosforas, amma fotasiyam da ƙarfe kaɗan ne. Shi ya sa tanki mai kifi da yawa da tsirrai masu jinkirin girma sau da yawa fotasiyam da ƙananan sinadarai kawai yake nema. Tanki mai cike da tsirrai da kifi ƙalilan kuwa, naitiret ɗinsa yakan sauka sifili cikin kwanaki.

Kashedi guda: kada a ɗebi takin lambu ko na gona a zuba a tankin da ke da kifi. Naitirojin ɗinsa yawanci yuriya ne ko amoniyam, kuma amoniyam yana rikiɗa ya zama amoniya mai guba gwargwadon hawan pH. A zafin digiri 25, abin da ke rikiɗa a pH 7 bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma a pH 8 ya haura kashi 5, kusan ninki goma ke nan.

Taki ta saiwa

Echinodorus, Cryptocoryne, Vallisneria da dangin bado suna da saiwa mai yawa kuma suna jin daɗin abinci a ƙasa. In yashi ko tsakuwa zalla ka shimfiɗa, babu abin da za su samu a ciki, sai an binne musu ƙwayoyin taki na saiwa. Tura ƙwaya ɗaya da hantsaki har ta kusa taɓa gilashin ƙasa, aƙalla santimita 4 daga sama, kusa da gindin tsiron amma ba a jikinsa ba. Bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin ƙwaya da ƙwaya, a sabunta bayan wata 2 zuwa 3. Ƙwayar da ba ta nutse sosai ba tana fashewa cikin ruwa ta saki amoniya, sai ruwa ya koma kore. Haka ma in aka tumɓuke tsiro a inda aka binne ta ba da daɗewa ba, don haka duk ranar da aka yi tumɓuke-tumɓuke a canza rabin ruwan.

Ƙasar tanki ta musamman, irin wadda Takashi Amano, gwanin ƙawata tankin kifi na Japan, ya shahara da ita, tana zuwa da abincinta kuma tana riƙe wanda aka zuba a ruwa. Wasu nau'o'inta suna sakin amoniya mai yawa a mako 2 zuwa 4 na farko. A wannan lokaci a riƙa canza rabin ruwa kowane kwana biyu ko uku, kada a saka kifi sai amoniya da naitirait, wato NO2 mai guba wanda daban yake da naitiret, sun koma sifili, kuma fotasiyam da ƙananan sinadarai kawai za a zuba. Naitirojin ɗin ƙasar yakan ragu bayan wata 6 zuwa shekara, daga nan sai a koma cikakken taki.

Anubias, Microsorum da Bucephalandra ba a binne gindinsu, ɗaure su ake yi a dutse ko itace, in an binne ruɓewa yake. Su da tsirrai masu yawo a saman ruwa, daga ruwa kaɗai suke ci. Ƙwayar saiwa ba ta amfane su da komai.

Haɗa kwalba biyu

Takin ruwa na kwalba da ake sayarwa yana aiki, muddin ka karanta abin da ke ciki. Da yawa daga cikinsu ƙananan sinadarai ne da fotasiyam kawai, babu naitiret babu fosfet. Wasu kuma suna rubuta alƙalumansu da salon buhun taki. Don mayar da su: N a ninka da 4.43 ya zama naitiret, P2O5 a ninka da 1.34 ya zama fosfet, K2O a ninka da 0.83 ya zama fotasiyam.

Haɗawa da kanka daga garin gishirin sinadarai ya fi ba ka iko, domin kana iya ƙara ɗaya ka rage ɗaya. Giram 1 a lita 100 yana ba da waɗannan, da miligiram a lita:

- KNO3: naitiret 6.1 da fotasiyam 3.9
- KH2PO4: fosfet 7.0 da fotasiyam 2.9
- K2SO4: fotasiyam 4.5
- gishirin Epsom, MgSO4·7H2O: magnisiyam kusan 1

Kana buƙatar sikeli mai auna 0.01 na giram, kwalba biyu na mililita 500 masu duhu, sirinji na mililita 10, da tataccen ruwa. Cokali ba ma'auni ba ne a nan, gari mai laushi da mai tsakuwa ba nauyinsu ɗaya ba.

Kwalba ta farko ta manyan sinadarai ce. Zuba ruwa mai ɗumi mililita 400. Fara da K2SO4 giram 22, domin shi ya fi taurin narkewa, ka girgiza har ya ɓace. Sai KNO3 giram 41, sai KH2PO4 giram 3.6. Cika da ruwa zuwa 500. Kowace mililita 10 ta wannan haɗi a lita 100 tana ba da naitiret 5, fosfet 0.5, fotasiyam kusan 5. In gwajinka ya nuna ruwanka ko kifinka na kawo naitiret da ya isa, cire KNO3 gaba ɗaya ka kai K2SO4 giram 45. Kada ka wuce haka da yawa, domin lita guda ta ruwa ba ta narkar da abin da ya wuce kimanin giram 110 nasa, saura zai kwanta a gindin kwalba. KNO3 yana ƙara wa wuta ƙarfi, a ajiye shi a busasshen wuri nesa da wuta da yara, kuma wasu ƙasashe sun sa ƙa'ida kan sayar da shi.

Kwalba ta biyu ta ƙananan sinadarai ce, kuma da ƙarfe ake auna ta. In garin da ka samu yana da ƙarfe kashi 6.5 cikin 100, kamar haɗin CSM+B, giram 7.7 a mililita 500 zai sa kowace mililita 10 ta ba da ƙarfe 0.1 a lita 100, sauran sinadaran kuma su biyo shi a gwargwadonsu. Wannan kwalbar tana yin furfurar ruɓa, don haka a sa ta a firji da rubutu a jikinta, kuma kada a haɗa abin da ya wuce na wata biyu ko uku.

Dalilin raba kwalaben shi ne ƙarfe da fosfet. In suka haɗu da kauri sai su ƙulle su zama laka wadda ganye ba ya iya sha.

Batun ƙarfe yana da zurfi kaɗan, kuma a nan mutane da yawa ke asarar taki ba su sani ba. Ƙarfe ba ya zama a narke cikin ruwa mai iskar oksijin, tsatsa yake yi ya kwanta. Don haka ake haɗa shi da wani sinadari da ke riƙe shi, mu kira shi mariƙi. Kowane mariƙi da pH ɗin da yake jurewa. EDTA yana riƙo da kyau har kusan 6.5, daga nan ya fara saki. DTPA yana kaiwa kusan 7.5. EDDHA yana wuce 9, sai dai yana rina ruwa ja-ja, don haka ɗan kaɗan ake sawa. Gulukonet kuwa saurin saki gare shi, tsiro na samun sa nan take amma ba ya kwana a ruwa, sai an zuba kullum. Mai ruwa mai pH 7.8 da ke zuba ƙarfen EDTA zai ga sabon ganye na fari duk da yana ba da taki. In ruwa ya yi hazo jim kaɗan bayan zuba ƙarfe, alamar mariƙin ya saki ke nan. Maganin ba ƙara yawa ba ne, canza mariƙi ne. Haske mai ƙarfi da fitilar UV ta kashe ƙwayoyin cuta su ma suna karya mariƙi, shi ya sa ya fi kyau a zuba ƙarfe kafin fitila ta kunna.

Kalsiyam da magnisiyam ba sa shiga waɗannan kwalabe. In GH ɗinka ya gaza 4, ka gyara ruwan canji ne kai tsaye: a kowace lita 100 ta sabon ruwa, giram 5 na gishirin Epsom ya ba da magnisiyam 5, giram 6.5 na CaSO4·2H2O ya ba da kalsiyam 15. Lissafin a kan ruwan da ka canza yake, ba dukan tanki ba. Akwai kuma ruwan da GH ɗinsa ke da yawa amma kusan duka kalsiyam ne, irin wannan gishirin Epsom kaɗai yake nema.

Jadawalin mako da canjin ruwa

Ga tanki mai ƙarfin haske da CO2, cike da tsirrai, hanyar da Tom Barr, wani gwanin renon tsirran tanki, ya yayata tana da sauƙin bi: a ba da taki fiye da buƙata kaɗan don kada komai ya ƙare, sannan a canza rabin ruwa kowane mako don kada komai ya taru. Ranar farko a canza kashi 50 cikin 100, a zuba mililita 15 daga kwalba ta farko. Rana ta biyu mililita 10 zuwa 15 daga ta biyu. A ci gaba da musanyawa haka har kwana shida, rana ta bakwai a huta. A mako an zuba naitiret kusan 22, fosfet 2 da ɗoriya, fotasiyam kusan 24.

Ga tankin da ba CO2, mililita 10 daga kwalba ta farko bayan canjin ruwa, mililita 5 zuwa 10 daga ta biyu washegari. In tsirran masu saurin girma ne, a maimaita a tsakiyar mako. Canjin kashi 25 zuwa 30 cikin 100 ya isa.

Canjin ruwa shi ne linzamin wannan tsari, kuma lissafinsa ya kamata a riƙe. Ko da tsirrai ba su ci komai ba, iyakar abin da zai taru shi ne takin mako a raba da kason ruwan da ake canzawa. Mai zuba naitiret 20 a mako yana canza rabi, ba zai wuce 40 ba har abada. In kwata yake canzawa, yana iya kaiwa 80. In kashi 10 cikin 100 ne, 200. Saboda haka wanda ba zai iya canza rabin ruwa ba, dole ya rage taki. Cika tanki saboda ruwan da ya ƙafe ba canji ba ne, turiri ruwa kaɗai yake ɗauka ya bar gishirin. Kuma kowane sabon ruwan famfo a sa masa maganin kashe kulorin, zafinsa ya yi kusa da na tanki.

Masu jatan lande sukan ji tsoron jan ƙarfen da ke cikin ƙananan sinadarai. A ma'aunin da aka bayar, abin da ke shiga ruwa a kowace zubawa bai wuce kimanin miligiram 0.002 a lita ba, wannan ba ya cutarwa. Haɗarin yana zuwa ne in aka ninka kwalba ta biyu sau da yawa a ruwa mai laushi ba tare da canjin ruwa ba.

CO2, abincin da ya fi kowanne yawa

Kusan kashi 40 zuwa 45 cikin 100 na nauyin busasshen tsiro kabon ne. Tankin da ba a saka masa iska ba yakan riƙe miligiram 2 zuwa 3 a lita. Mai sakawa yana neman 20 zuwa 30. Ana ƙiyasta shi da KH da pH: a KH 4 da pH 6.6, CO2 ya kai kusan 30. Amma ƙasar tanki da itace suna sakin wasu sinadarai masu tsami da ke ruɗa wannan lissafi. Hanya mafi aminci ita ce a ɗebi ruwan tanki a kofi, a bar shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu har iskar ta fice, a auna pH ɗinsa, sannan a daidaita iskar yadda pH na tanki zai sauka da maki 1 daga wannan lambar lokacin da fitila ke kunne.

Ƙaramin gilashin gwajin da ake maƙalawa a bangon tanki, in an cika shi da ruwan KH 4, yana nuna shuɗi in iskar ta yi kaɗan, kore in ta kusa 30, rawaya in ta yi yawa. Yana makara da awa ɗaya ko biyu, saboda haka kifi ya fi shi saurin ba da labari: in suka taso sama suna haki, rufe iskar nan take ka motsa saman ruwa. A kunna iskar awa 1 zuwa 2 kafin fitila, a kashe ta awa 1 kafin fitila ta mutu, domin da dare tsiro ba ya shan ta. Matatar ruwa kuma ta riƙa juya ruwan tanki sau 5 zuwa 10 a awa, har ka ga ganye na ɗan kaɗawa a kowane lungu. Takin da ruwa bai kai shi ga ganye ba, daidai yake da wanda ba a zuba ba.

Ruwan da ake sayarwa da sunan kabon na kwalba bai maye gurbin iskar ba. Ya fi aiki wajen kashe gansakuka, kuma yana narkar da Vallisneria da Egeria.

Karanta ganye

Tambaya ta farko kullum ita ce: tsohon ganye ne ya lalace ko sabo? Naitirojin, fosforas, fotasiyam da magnisiyam tsiro yana iya janye su daga tsohon ganye ya kai wa sabo, don haka rashinsu a ƙasa yake fara nunawa. Ƙarfe, kalsiyam, manganis da boron ba sa tashi daga inda suka zauna, rashinsu a kan toho yake bayyana.

Tsohon ganye ya yi rawaya gaba ɗaya, sabo na fitowa ƙanana: naitirojin. Ƙananan huji kamar na allura masu rawayan baki a tsohon ganye, musamman a Hygrophila: fotasiyam. Tsohon ganye ya koɗe amma jijiyoyinsa na kore: magnisiyam. Wannan kamanni a sabon ganye, ko toho ya fito fari fat: ƙarfe. Toho ya murɗe ko ya ƙanƙance: ana yawan ɗora wa kalsiyam, amma in GH ya kai 4 zuwa sama, fara zargin CO2. Farin ɓawo kamar alli a kan ganye ma alamar ƙarancin CO2 ce, tsiron ya koma ciro kabon daga baikabonet na ruwa. Kara ya zubar da ganyen ƙasa ya bar na sama: inuwa ce ko rashin motsin ruwa.

Tunda alamun CO2 da na taki suna kama da juna, a bar 'yan tsirrai masu yawo a sama, kamar kainuwa, Limnobium ko Salvinia. Su suna shan iska daga sarari kuma haske na fara isa gare su, don haka ba su da uzuri. In su kore ne shar suna yaɗo amma na ƙasa na wahala, matsalar CO2 ce ko haske. In su ma sun koɗe, taki ne.

Akwai lalacewar da ba rashin abinci ba ce. Yawancin tsirran da ake sayarwa a wajen ruwa aka rene su, ganyensu na farko yakan narke a makonni 2 zuwa 4 kafin na cikin ruwa ya fito. Cryptocoryne kan zubar da ganye duka in ruwa ya sauya masa, amma muddin gindin na da tauri zai sake tohowa. A yanke ruɓaɓɓen, a bar saiwar a inda take. Haka kuma ƙara ƙarfe ba ya sa tsiro ja in ba dama yana cikin rashi ba. Jan Rotala rotundifolia daga ƙarfin haske da ƙarancin naitiret yake zuwa, kuma matse naitiret wasa ne a bakin rami, sai wanda ya riga ya iya sauran.

Abin da gansakuka ke nunawa, da yadda ake gyara

Ɗigo-ɗigo kore masu tauri a gilashi da ganyen Anubias sukan zo da ƙarancin fosfet da yawan haske. Kai fosfet 1 zuwa 2, ka matsar da Anubias inuwa. Baƙar gansakuka mai kama da gemu a bakin ganye da bakin bututu tana bin CO2 mai hawa da sauka da dattin da ya taru a matata. Shimfiɗa mai yauƙi, shuɗiya-kore mai wari, ba gansakuka ba ce ta gaskiya, ƙwayoyin bakteriya ne, kuma ta fi fitowa inda naitiret ya ƙare da inda ruwa ba ya motsi. Ƙura mai ruwan ƙasa a sabon tanki takan tafi da kanta cikin makonni. Ruwa kore kamar an dama ganye yana biyo bayan tashin amoniya a ƙarƙashin haske mai ƙarfi.

Abin da hannu ke saurin yi in an ga gansakuka shi ne daina taki. Kuskure ne, domin gansakuka na rayuwa a kan ɗan abin da bai isa tsiro ko kusa ba, don haka tsiron ne zai fara faɗuwa, ruɓaɓɓen ganyensa kuma ya ƙara ciyar da ita. Tsarin gyara shi ne wannan. Cire abin da hannu zai iya cirewa, yanke ganyen da ta rufe. Zuƙe dattin ƙasa, wanke soson matata a ruwan da ka ɗebo daga tanki, ba a famfo ba, don kada kulorin ya kashe bakteriyar da ke tace amoniya. Canza rabin ruwa. Mayar da haske awa 6, ko ka rage ƙarfinsa da kashi 25 cikin 100. Tabbatar da CO2 da motsin ruwa. Duba ko akwai abin tsotse fosfet a cikin matata ka cire shi. Sannan ci gaba da taki yadda yake.

Bayan wannan, abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a jira mako 2 zuwa 3. Rubuta ranar da abin da ka canza, ka ɗauki hoto daga wuri ɗaya kowane mako. Ganyen da ya riga ya huje ko ya ruɓe ba ya warkewa, hukunci a kan sabon toho ake yi.

Yawan takin kuma yana bin yawan ganye. Ranar da ka yi babban aski ka cire rabin tsirrai, rage taki da kusan kashi ɗaya cikin uku na mako ɗaya ko biyu, ka mayar da shi sannu a hankali yayin da suke cikowa. In za ka yi tafiyar mako biyu, kada ka zuba na kwanakin gaba ɗaya. Canza rabin ruwa, ba da zubawa ɗaya ta kowace kwalba da tazarar rana, rage haske zuwa awa 5, kuma ranar da ka dawo ka fara da canjin ruwa kafin ka koma jadawali.